Yadda Hancina Ya Raka Ni Neman Aure Doha

Na baro Gusau kafin assalatu da jaka ɗaya, da ƙullin goro, da hancin da ya daɗe yana yi mini rashin kunya. Ƙura, turare, sanyin na'ura, duk wanda ya shaƙa sai atishawa da yoyo kamar famfon da ya lalace. Karatuna a aji uku ya tsaya, don haka wanda ya ga harafi ya karkace a nan, ya miƙar da shi da kansa.

Abin da ya fitar da ni shi ne Sani, ɗana na biyu, mai gadin wani dogon bene a Doha. Ya ga Rakiya, 'yar Alhaji Mumuni, mutumin zangon Kumasi da ya tsufa yana tuƙi a can. Alhajin ya ce ba ya ba da 'yarsa ta waya, sai uban yaro ya zo ya buɗe baki da kansa. Kuma akwai wani manemin a bayan layi.

Gusau zuwa Legas

A Tsafe na yi atishawar da ta sa direba taka burki, ya zaci taya ce. A wani shinge ɗan sanda ya leƙo da kai ta taga yana tambayar me muka ɗauko, hancina ya ba shi amsa, ya ja baya ya ce mu wuce. Direba ya ce in zan riƙa binsa kullum, kyauta zai ɗauke ni. Daga Kano jirgi ya kai ni Legas, na kwana wurin wani ɗan garinmu mai sayar da kilishi, washegari na hau babban jirgi. Baturen da ke kusa da ni ya nemi a canza masa kujera tun ba mu bar ƙasa ba.

Doha

Ƙasar nan waje tanda ce, ciki firiji. Sani ya tarbe ni ya kai ni masaukinsu, ɗaki guda su huɗu, na'urar sanyi tana kuka dare da rana. Da ya ji yadda nake jero atishawa sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ce Alhaji Mumuni mutum ne mai murtuke fuska, idanu jajaye, kalma biyu yake yi ya yi shiru. Ga shi ni duk atishawa sai na ce alhamdu lillahi, jama'a kuma sai sun amsa mini. A haka, in ji Sani, sai la'asar ta yi ban kai ga sunan Rakiya ba.

"To, in bar hancin a ɗaki in tafi?" na ce masa.

Bai yi dariya ba. A nan na gane yaron da gaske yake son yarinyar.

Dafna

Da safe ya kai ni wurin aikinsa a Dafna, unguwar da benaye ke tsirowa kamar gero da damina. Kusa da su 'yan Sin na gina wani, kuma mai dafa musu abinci, wani gajeren dattijo da na sa wa suna Malam Li, abokin Sani ne. Ya sa na fito da harshe ya duba, ya riƙe mini wuyan hannu, sannan ya shiga ya kwaso magani. Akwai tohon fure mai gashi kamar wutsiyar ɓera, da wasu fararen saiwoyi yankakku, da wasu 'ya'yan itace masu ƙaya. Na ce wa Sani ashe ƙarangiya har Sin ta je, kuma can an ba ta sarauta.

Sani ya fassara mini komai tsaf. A jiƙa, a tafasa da ƙaramar wuta, a sha ƙaramin kofi safe da yamma, kar a ƙara, don mai ƙayar nan in ta yi yawa cuta ce. A bar ruwan ƙanƙara. Kuma a yi haƙuri, ba ya aiki rana ɗaya.

Na ji, amma ban yarda ba. Mu a gida ciwon hanci hayaƙi ake masa. Me ya haɗa ciki da rigimar hanci? Da Sani ya tafi aiki sai na ari kaskon turaren wani ɗan Sudan, na hura gawayi, na zuba rabin maganin, na lulluɓa da bargo. Ban san wani farin faifai da ke manne a silin ɗan sandan hayaƙi ne ba. Ya tsala ihu, gidan duka ya ɗauka. 'Yan Nepal, 'yan Filifin, wani da tawul da kumfa a kai, duk suka yo waje, mai kula da gidan yana "yalla, yalla", wato a yi sauri. Aka same ni a ƙarƙashin bargo ina atishawar da ta fi ta Tsafe.

Da labari ya kai wa Malam Li, ya yi dariya har ya zauna a kan buhun shinkafa. Daga ranar shi ya riƙa tafasawa yana aiko mini a filas. Ɗaci kam, maɗaci ƙanensa ne. Amma kafin mako ya zagayo na taka bakin teku da yamma, ina kallon jiragen katako, hankicina a bushe.

Wukair

Ranar Juma'a bayan masallaci muka nufi Wukair, can bayan gari, gidaje jefi-jefi cikin rairayi. Na saka filas a aljihun babbar riga. Muka tarar da dattijan zango sun cika falo, na'urar sanyi a ƙure, ga kaskon turare yana zagayawa don girmama baƙi. Alhaji Mumuni na zaune fuska a tamke, idanu jajaye, yadda Sani ya faɗa. Na gaishe shi, ya amsa a gajarce. Sai na ga yana taɓa ƙasan hancinsa da ɗan yatsa, yana numfashi ta baki. Ɓarawo ai ya san sawun ɓarawo. Mutumin nan ba fushi yake ba, atishawa yake dannewa saboda kunyar baƙi.

Na ce, "Alhaji, kafin maganar yara, in ka yarda a fitar da turaren nan, a rage sanyin nan. Ni da kai ciwonmu ɗaya."

Sani ya sunkuyar da kai. Alhaji ya buɗe baki zai amsa, sai ya sake ta, wata atishawa da ta girgiza labule. Ya ce alhamdu lillahi, muka amsa masa gaba ɗaya. Ya sake, muka sake. A ta uku dariya ta ƙwace masa.

Na zuba masa ƙaramin kofi, na gaya masa ba ya aiki rana ɗaya, kuma kar ya kuskura ya ƙona shi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. Sannan na miƙa goro, na faɗi abin da ya kawo ni tun daga farko har ƙarshe, ba tsayawa.

Ya ce, "Mutumin da ya gane ciwona ban faɗa ba, gidansa zai gane na 'yata. Na ba Sani. Amma filas ɗin nan ba zai koma Gusau ba."

Gida

Na iso Gusau ana kiran magariba, ba filas, sai sabon ƙullin ƙarangiyar Sin da Malam Li ya cusa mini a jaka. Uwargidana Hajiya ta tarye ni da kaskon turare, na yi mata sallama da atishawa uku. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Malam Li, da mai tawul ɗin nan da har yau ban nemi gafararsa ba.