Fim ɗin da ya raka mu Birnin Gwari

Ana sallame sallar asuba muka bar gida a Kaduna, ni da yayana, za mu Tsohon Birnin Gwari duba mahaifiyarmu Inna da ke kwance ba lafiya. Ta aiko cewa ba magani take so ba, ɗanta take son gani, don shekara huɗu ke nan bai taka hanyar ba. Da can shi direba ne a kanta. Direbobin wannan hanya suna da ƙa'ida: idan ka daɗe kana tafiya a dajin ba ka haɗu da mota daga gaba ba, ka tsaya, akwai matsala. Wata rana Yaya ya lura da hakan, fasinjoji suka matsa masa, ya ci gaba. 'Yan bindiga suka tare su, amininsa ya rasu a kujerar da ke gefensa. Tun daga nan kowace safiya sai ka ji ya ce, "Da na tsaya."

A tasha mun tarar kuɗin mota ya ninka abin da na sani, ƙosai kuwa ya ƙanƙance kamar ana jin haushin mai saye. Muna jiran bas ta cika na ga Yaya yana ta kallon ƙofar fita. Na san in na yi sakaci gida zai koma, sai na fito da waya na kunna masa wani fim da aka tura mini, mai fassarar Hausa. Ya harare ni ya ce, "Ke dai ba ki da aiki." Amma ya karɓi kunne ɗaya na abin sauraren.

Fim ɗin ya yi, gaskiya. Wani injiniya ne a madatsar ruwa, masana suka ƙera na'urar da ke mayar da shi safiyar rana ɗaya tak. Kullum yana farkawa daidai lokacin da butar shayinsa ke faɗuwa, kullum kafin la'asar madatsar ta ɓalle, ruwa ya cinye garinsu har da ƙanwarsa. Abin da ya burge ni shi ne ba a ɓata komai ba. Karen da ya yi haushi a farko, mai gadin da ya makara, duk sai sun dawo da amfaninsu. Ka san abin da zai faru, amma gabanka bai daina faɗuwa ba. Mai fassarar ma gwani ne, duk sanda butar ta faɗi sai ya ce, "To, Malam, an sake dawowa aiki!" Har wata dattijuwa mai kwandon daddawa ta leƙo tana tambaya ko mutumin nan ba shi da wata butar ne.

Mun wuce Buruku ana raha. Da daji ya fara rufe hanya sai direba ya kashe rediyo, kowa ya koma salati, ni ma na ajiye waya. Dajin yana da kyau, ban ɓoye ba: dogayen itatuwa, ciyawa shar, can kuma gonakin masara da mutane suka dawo suka share da ƙarfin hali. Ramukan titi dai suna nan, ba wanda ya ƙaura.

Sai na ga Yaya ya miƙe zaune. Mun daɗe ba mota ko ɗaya daga gaba. Direban, matashi ne, ya rage gudu, wani ɗan kasuwa ya ce, "Haba direba, ka taka mana, kasuwa za ta watse!" Wasu suka goya masa baya. Yaya ya dafa kafaɗar direban ya ce, "Ƙanena, tsaya. Don Allah tsaya. Wanda yake sauri ya sauka." Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Direban ya gangara wani ƙauye a bakin titi ya kashe mota.

Mun fi awa a gindin mangwaro. Na sayi fura da nono wurin wata Bafillatana, ɗan kasuwar nan na ta ƙunƙuni, Yaya kuma da kansa ya ce in kunna fim ɗin mu ƙarasa. A ƙarshe injiniyan ya gano ba zai iya gyara madatsar ba ko sau nawa ya dawo, ba shi ya fasa ta ba. Sai ya daina kokawa da ƙarfe, ya bi gari yana ta ihu a hau tudu, ana yi masa dariya, har aka bi shi, ruwan ya zo bai ci kowa ba. Washegari ya farka butarsa na zaune lafiya. Ni dai na yi hawaye.

Can sai ga motoci a jere. Ashe tirela ce ta kife ta toshe titi. Ɗan kasuwar ya ce, "Ka ga, Malam? Tsoron banza." Yaya ya yi dariya har da share ido, ya ce, "Alhaji, na yarda. Amma yau na tsaya."

Daga Birnin Gwari muka hau babur zuwa tsohon gari. Inna ta shafa fuskarsa ta ce ya rame, sannan ta sa aka kawo tuwo da miyar kuka, ita da aka ce ta kwana uku ba ta ci ba, ta ci loma biyar.

Mun kwana uku muka juyo, Yaya a kujerar gaba yana nuna wa direba ramuka. Na koyi cewa fim mai kyau ba ɓata lokaci ba ne, wani sa'in yakan faɗa wa mutum abin da 'yan'uwansa suka kasa. Washegarin dawowarmu na kai masa koko, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran maganar nan tasa ta "Da na tsaya." Ya kurɓa, ya ɗago ya ce, "Ke, sukari bai ji ba."