Mudun Masarar Abarshi

Abarshi Nababa bai taɓa son Kaduna ba, kuma ba ya ɓoyewa. A Kusasu aka haife shi, ya yi noma shekara talatin kafin rashin tsaro ya koro shi cikin Birnin Gwari da iyalinsa. Da gonar daji ta gagara, sai aka damƙa masa makullin ɗakin taron ƙungiyar manoma. Shi ke shara, shi ke jera benci, shi ke faɗa da awakin da suka mai da baranda gidansu. Taurin kai kuwa, in ya ce yau za a yi ruwa, ko rana ta ƙwalle sai ya fito da lema.

A ɗakin nan wani kamfanin iri yake taronsa na shekara, ya rubuta sunayen waɗanda za a ba irin masara mai saurin nuna. Irin nan ba abin wasa ba ne ga mutumin da ke zuwa gona da fargaba, yana son ya girbe da wuri ya tsira da abinsa. Kwatsam kamfanin ya mayar da taron wani otal a Kaduna. Dalilansu ba ƙarya ba ne: hanya babu aminci, can kuwa ga wuta, ga sanyin ɗaki, manyansu su sauko daga jirgi su wuce kai tsaye. Sai dai wanda bai halarta ba, sunansa ba ya shiga takarda. Shekara biyu a jere mutanen Kusasu da Gwaska suna shuka tsohon iri, abin ya ci wa Abarshi rai ƙwarai.

A shekara ta uku ya auni masara mudu guda, ya ƙulle ta cikin kwano, ya hau motar Kaduna.

Ya tarar da ɗakin otal cike da masu amsa sunan manoman Birnin Gwari, shadda sai ƙyalli, hannaye sumul kamar na jarirai. Ya gane da yawansu, 'yan gari ne mazauna Kaduna, masu karɓar iri su sayar. Aka sha shayi, aka ci cincin, aka tafa. Da jami'ar kamfanin, Martha, ta ce ko akwai mai tambaya, ya miƙe da kwanonsa.

"'Yata, ba tambaya gare ni ba. Masara na kawo. A zagaya da ita, manoman nan su faɗa mana ko ta bushe ta isa shiga buhu."

Martha ta yi murmushi ta yarda. Kwano ya bi layi. Wani ya ɗaga ƙwaya ya duba a hasken fitila, wani ya shinshina, wani ya mirza a tafin hannu ya ce ta yi. Ya zagaye ɗakin kaf ya dawo.

"Ba wanda ya ciza," in ji Abarshi. Ya jefa ƙwaya a baki ya datsa, ba ta yi ƙara ba. "Jiya na jiƙa ta na shanya sama-sama. Duk wanda masara ta taɓa ruɓe masa a buhu, haƙori yake fara kai mata."

Martha 'yar manomi ce, ta san haka mahaifinta ke yi, kunya ta kama ta. Bayan an tashi ta same shi a bakin ƙofa.

"Baba, gaskiya ina tsoron hanyarku."

"Mu ma muna tsoronta, 'yata, kuma ita muke bi. Ki zo ranar kasuwa, ki biyo ayarin motocin hatsi. Ranar duk ƙauyuka suna cikin gari."

Ba ta yi alkawari ba. Shi kuwa duk mako sai ya kira ta ya gaishe ta, ya ce benci na nan a jere, har ta haddace lambarsa.

Gab da damina ta gaba, Martha ta iso ɗakin taron Birnin Gwari da ma'aikata biyu, manyan suka yi zamansu a Kaduna. Babu wuta, zafi kamar gidan burodi, benci bai isa ba, mutanen Gwaska wasu a tsaye. Kafin ta buɗe takardar sunaye, Martha ta ciro kwanon masara daga jakarta ta miƙa wa na farkon layi.

Abarshi yana bakin ƙofa da makulli a hannu. Ya ji ƙas, ya ji wani ƙas, daga benci zuwa benci har bangon baya. Ya juya ya kori akuya daga baranda don kada a ga idonsa.