Riyal Biyu Da Ban Goge Ba

A shekarar da na gama sakandare wasiƙa ta zo daga Sudan cewa ƙanwar Kaka tana kwance, kuma sunan yayarta take ta kira. Shekara da shekaru ba su ga juna ba, tun da aure ya kai ƙanwar can. Kaka ta ce sai ta je, ko da a bayan kifi ne. Babana direba ne a tashar jiragen ruwan garinmu, kusa da Makka, kullum yana ganin jirgin Sawakin ta Sudan yana tashi, amma kuɗin tikiti ba ya aljihunsa.

Sai Kaka ta jawo tsohon gwangwanin shayi daga ƙasan akwatinta. A ciki akwai riyal na azurfa guda tara, na zamanin da Sharifi ke sarautar Makka, waɗanda mahaifinta ya tara da sayar da ruwa a Makka. Ɗaya an huda shi, don ta taɓa rataya shi a wuya tana amarya. Duk sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Wata maƙwabciyarmu a unguwar Ruwais ta ce akwai wani tsoho a Balad, tsohon cikin gari, da ke sayen irinsu da tsada. Aka shirya in an samu kuɗi ni zan raka ta. Ban taɓa hawa jirgin ruwa ba, har na fara ninke kaya.

A gidanmu ba a fita da abu da datti. Ko kwanon aro za a mayar, sai an goge shi ya fi yadda ya zo. Don haka Kaka ta miƙo mini toka da lemun tsami da soson ƙarfe.

"Yalla, maza, ja'ira. Kada Balarabe ya ce mu ƙazamai ne."

Na zauna na dirza. Na ɗaya ya fito fes, na biyu har ina ganin haƙorana a ciki. Da na kai na bakwai yatsuna sun yi zafi, lemun yana shiga inda soson ya yanke ni. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Sauran biyun na ƙulle su a tsumma na tura ƙasan gwangwanin, na ce halas, na gama.

Muka tafi Balad. Shagon ɗan ƙarami ne, ba ya ɗaukar mutum huɗu. Tsohon ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, Kaka ta jera bakwai ɗin tana murmushi. Ya ɗauki ɗaya ta gefe da yatsu biyu, ya sa gilashi a ido. Ya daɗe. Ya ajiye, ya ɗauki wani.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce, ya ammi," na ce, har da ɗaga kai.

"Haram alaiki, ya binti. Kin yi ɓarna, 'yata."

Ya ba ni gilashin. Abin da nake gani sumul, a ciki duk zane ne, kamar kaji sun yi tono. Ƙananan rubutun gefe sun shafe. Ya ce masu tara irin wannan kuɗi daraja-daraja suke ba shi, kuma abin da suke fara dubawa shi ne ko fuskarsa tana nan yadda aka buga ta. Baƙin nan ba datti ba ne a wurinsu, shi ne shaidar ba a taɓa shi ba. Lalacewar yawo a hannun mutane tana rage daraja kaɗan kaɗan, amma wanda aka dirza ko aka huda ya fita layi gaba ɗaya. Sai dai a ɗora a sikeli a biya kuɗin azurfa.

Na ce, "To a mayar da baƙin mana."

Ya ce baƙi zai dawo, zanen ba zai tafi ba.

Kaka ta fara mayar da su gwangwani ɗaya bayan ɗaya. A nan yatsanta ya taɓo tsumman. Ta kwance, ta dube ni.

"Au! Ashe ha'intata kika yi? Malalaciya!"

Ta kama bakin mayafinta za ta murza su, don kunya. Tsohon ya yi wata ƙara, har mai shagon kusa ya leƙo.

"La, la, ya hajja! Ajiye!"

Waɗannan biyun ya fi daɗewa a kansu. Ya juya su, ya kai su bakin ƙofa wurin haske. Da aka haɗa kuɗinsu da na azurfar sauran, ya isa tikitin zuwa da dawowa na mutum ɗaya. Hudajjen Kaka ta ce ba na sayarwa ba ne.

A mota ina kuka, ita tana lissafin tsaraba. Na ce da ban goge ko ɗaya ba da tare za mu.

"Da kin goge duka da ba mai zuwa," ta ce. "Share hancinki, mutane na kallo."

Babana ya haɗa ta da wasu mata masu komawa Sudan. A bakin tasha ta damƙa mini hudajjen riyal ɗin, ta ce ladan lalaci ne. Ta tarar da ƙanwarta da rai, suka yi wata biyu a ɗaki ɗaya, suna faɗa a kan wa ya fi tsufa a fuska.

Riyal ɗin yana wuyana. Ya sake yin baƙi, kuma duk wadda ta ce in goge shi tana jin bakina.