Lester Malo da Mangwarorin Gonar Pedlow

Lester Malo da hannu ya fara magana kafin ya iya ta da baki. Haka yayarsa Noeline take faɗa, kuma duk wanda ya tashi a unguwarmu ta bayan masana'antar sukari a garin Mackay ya san ba ta yi ƙari ba. Ubansu mai yankan rake ne irin na da, masu shiga gona bayan an cinna mata wuta su fito baƙi ƙirin da toka. In ya dawo a gajiye, da bayan adda yake horon 'ya'yansa. Lester bai taɓa kuka a gabansa ba, sai dai ya fita waje ya huce a kan ɗan wani.

Yana saurayi ya bi masu damben tanti, masu yawo gari-gari suna kaɗa ganga suna kiran duk mai ji da ƙarfi ya hau. Can aka karya masa hanci har ya kwanta gefe guda, can kuma ya zubar wa maza haƙora ba adadi. Da ya dawo gida ya kama tuƙin injin yankan rake. Wata Asabar a mashaya wani Bature ya kira shi da sunan wulaƙancin nan da ake kiran kakanninmu lokacin da ake kwaso su daga tsibirai don aikin rake, ana sauke su daga jirgi kamar kaya. Lester ya kama ƙeyarsa ya haɗa fuskarsa da kanta, ya ɗago ya sake haɗawa, sai da aka taru aka ɓamɓare shi. Ya yi zaman gidan yari. Kafin ya fito matarsa ta kwashe yara ta tafi garin Townsville.

Da tsufa ya kama shi, aiki ya ƙare, Noeline ta ga zaman banza zai mai da shi mashaya. Sai ta ja shi ɗakin karatu na gari ta zaunar da shi gaban kwamfuta.

"Yaya, me zan yi da wannan akwatin? Fasa shi zan yi."

"Fasa mana. Shi kaɗai ya rage ba ka daka ba a garin nan. Zauna ka nemo mana inda Kaka Tom yake kwance."

Abin da dangi suka riƙe game da Tom, kakan ubansu, kaɗan ne. Daga tsibirin Malo aka sato shi, ya je da doya a kwalekwale zai sayar wa mutanen jirgi. A gonar rake ya mutu, mai gadin ma'aikata ya fasa masa kai da ƙotar fartanya don ya miƙe shan ruwa ba a ba shi izini ba. Matarsa Leimara, da tsohon ciki, ta binne ƙwallon mangwaro a wajen kansa. Shekarar da gwamnati ta kori mutanen tsibirai dangi suka watse, sunan gonar ya ɓace.

Lester ya yi watanni yana danna haruffa da yatsa ɗaya, hancinsa kusa da gilashi. A jerin sunayen da hukuma ta zuba a intanet, masu suna Tom daga Malo sun fi a ƙirga, don Turawa sunan da ya zo bakinsu suke laƙaba wa mutum. Sunan Leimara ne ya raba masa gardama. A jerin mamata ya samu wani Tom da aka sa sunanta a matsayin matarsa, an rubuta zazzaɓi ne ajalinsa.

"Zazzaɓi mai ƙota," in ji Lester, ya yi tsaki har mai kula da littattafai ta waiwayo.

An kuma rubuta inda aka binne shi, wata gona mai suna Glenvarra. Ba mai sanin wannan suna yau. Ya bi tsofaffin jaridu da sanarwar cinikin filaye, daga wannan hannu zuwa wancan, har ya tsaya a gonar Garth Pedlow.

Garth ba baƙo ba ne, aji ɗaya suka yi a firamare. Gaskiya ɗaya ce, iyayensa sun sayi gonar ne bayan duk wannan ya wuce, ba su da hannu a jinin kowa. Lester ya same shi a bakin rumbun injina. Daga nan ana hango wani lungu a bakin rafi, da tsofaffin mangwarori da duwatsu a jere cikin ciyawa.

"Tsohon ɗan dambe, wa ka zo duka?" Garth ya ce yana dariya.

"Kakana yana gindin mangwarorin can."

Dariyar ta ɗauke. "Ba kowa a can sai macizai. Kafin ruwa ya sauka zan ture su in shuka rake."

"Garth, mutane ne a wurin. Wa ya jera duwatsun, macizan?"

"Ka san in zancen nan ya fita hukuma za ta ɗaure mini ƙasa. Bar mini gona, Lester, tun muna shaida juna."

Noeline ta kai maganar majalisar gari, aka ce za a duba. Ana cikin za a duba, wata safiya wani direban motar rake ya gaya wa Lester ya ga katafila a bakin rafi. Ko shayinsa bai ƙarasa ba.

Ya tarar an riga an kayar da bishiya ɗaya, saiwoyinta a sama, jar ƙasa a buɗe. Ya shiga gaban katafila ya tsaya. Direbanta ya kashe inji. Garth ya taho daga motarsa da ƙarfen cire taya, karensa na biye.

"Matsa."

"Sai dai ka haɗa da ni, dama dangina ne a ciki."

Garth ya ture shi. Lester ya ba shi hagu a kunci, aka ji ƙashi ya amsa. Karen ya cafki sha-raɓarsa ya riƙe yana girgiza, wando da nama suka yage tare. Lester ya juya zai shure shi, nan ƙarfen ya same shi a gefen ido. Ya durƙusa, jini ya rufe masa fuska, amma da lalube ya kamo ƙafar Garth ya kayar da shi cikin ramin bishiyar, ya hau kansa yana dukan haƙarƙari. Tsofaffi biyu masu furfura, suna birgima cikin laka suna huci kamar shanu a mahauta, kare na yagar bayan na sama. Direban ya kira 'yan sanda, sannan ya samo shebur ya kori karen. Kafin su iso duka biyun sun kwanta, ba mai iya ɗaga hannu.

'Yar sandan da ta shiga ramin neman ƙarfen nan, don shaida, ita ta ga dogon ƙashi a tsakanin saiwoyi. Ta share ƙasa da yatsa ta ga haƙora. Nan take aka kewaye wurin da igiya, aka ce katafila ta fita. Masana suka zo da na'urar da ke gani ƙarƙashin ƙasa, suka ce kaburbura ne jere har bakin ruwa, manya da yara. Ba wanda zai iya nuna na Tom. Hukuma ta hana a sake taɓa lungun, aka buɗe wa dangi 'yar hanya daga titi.

Lester ya rasa idon hagu. Garth ya daɗe yana zuƙar abinci mai ruwa da bututun roba, yana numfashi da ƙyar. Alƙali ya dubi shekarunsu bai kulle kowa ba, amma da yake Lester ne ya shiga gonar wani kuma shi ya fara kai naushi, aka yanke masa kada ya ƙara kusantar Garth ko taka ƙasarsa.

Ranar da cocinmu ya je yi wa mamatan addu'a, mata sun sa fararen kaya, an zo da furanni da ganyen kwakwa. Lester ya tuƙo Noeline har bakin titi, ya tsaya inda kwalta ta ƙare.

"Ko in roƙi 'yan sanda su bar ka na yau kawai?" ta ce.

"Bari, Yaya. Je ki gaishe su duka, tunda ba mu san namu ba. Ki ɗaga murya, kin san kunnen nan ma ya fara tafiya."

Ta sauka da sandarta ta bi sahun mata. Shi kuwa ya sauke gilashin mota, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya juya kai don idon da ya rage ya kai bakin rafi.