Ranar da Na Raka Ƙanwata Ɗebo Ruwan Teku

Mun tashi daga unguwar Panyu bayan sallar asuba, ni da ƙanwata mai karatun halittun ruwa a wata jami'a ta Guangzhou, a China. Ni sarin jakunkuna a kasuwar Shiling ya kawo ni garin, ko kwalekwale ban taɓa hawa ba. Amma ta ce wannan ce fitarta ta ƙarshe kafin guguwar teku ta kankama. In ba ta ɗebo ruwan ba, sai ta ƙara shekara, ga sabunta biza ya zama tashin hankali saboda wasannin Olamfik da ƙasar za ta karɓa. Ina yayanta, ban ga bakin cewa ta tafi ita kaɗai ba.

Titi sumul, gadoji kan gadoji, gonakin ayaba hagu da dama. Ban more kallon ba, don 'yan sanda sun tsayar da motarmu suna duba fasfo. Takarduna lafiya lau, suka bar mu muka wuce. A bakin ruwa muka ci taliyar hannu a shagon wani Musulmin China, kwano yuwan biyar na kuɗinsu. Na cika ciki, daga baya na yi da-na-sani.

Jirgin da muka hau na wani dattijo ne masunci. Muka bi kogi har inda ya buɗe ya zama teku, muna ratsa manyan jiragen kwantena masu nufar tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ƙanwata ta saki wata raga mai laushi kamar rariyar tankaɗe, jirgi ya ja ta, sannan ta juye abin da ya taru a kwalba. Wani ruwan ƙasa-ƙasa ne kamar guntun shayi.

Na ce, "Wannan dauɗar ce ta raba mu da barci?"

Ta ce, "Yaya, dayatom ne, tsirrai ne da ido ba ya gani. Su ne abincin ƙananan kifi."

Mun gama ɗiban ruwa a wuri na biyu ke nan sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso, jirgi ya fara tsalle. Dattijon ya nuna sama yana girgiza kai, "Meiyou, meiyou," wato babu. Ta roƙe shi da harshensu, "Laoban," wato maigida, "wuri ɗaya ya rage." Ya dube ni. Ita ma ta juyo, idonta ya ciko.

"Yaya, in ka ce mu koma, mu koma."

Zuciyata gida take so. Amma na san shekarun da yarinyar nan ta zuba a abin nan. Na ce, "Bismillah, yi sauri."

Ban san yadda ta jefa ragar ba. Abin da na sani, igiyar ruwa ta doke mu, akwatin kwalaben ya sulale zai faɗa teku, na kife a kansa. Haka na zauna rungume da shi, ina amai ina salati, har muka ga gaɓa. Da na taka ƙasa na miƙa mata akwatin.

Washegari ta kai ni ɗakin bincikensu, ta ɗiga ruwan a ƙarƙashin na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Allahu Akbar! Ɗigo ɗaya, gari guda. Wasu kamar faifai, wasu kamar mataji, wasu a jere kamar carbi, kowanne cikin ɓawon gilashi mai zane. Ruwan bakin kogi cike yake maƙil amma iri kaɗan ne. Na wuri na ƙarshen kuwa, iri-iri har na gaji da tambaya. Ta ce daga bambancin nan ake gane lafiyar ruwa, kuma iskar da muke shaƙa akwai rabonsu a ciki.

Na dawo Kano lafiya da kayana. Na koyi cewa jahilcina ne ya sa na kira abin dauɗa. A gida an sake tayar da maganar yaushe za ta bar wasa da ruwa ta dawo a buɗe mata shago. Da can ni ne kan gaba a wannan magana. Wannan karon na ce, "Ku ƙyale ta, aiki take yi. Na gani da idona."