Gwangwanin Maganin Inna

Ni ce mai tare-tare a gidanmu, kuma ba na jin kunyar hakan. Da na ga hadari ya fara haɗuwa gabas, manoma sun fara gyaran kalme da sauran kayan noma, sai hankalina ya bar Kalgo inda nake koyarwa ya koma Gwandu, ɗakin mahaifiyata. Ƙanena, wanda shi da matarsa ke zaune tare da ita, har suna ya laƙa mini: hukumar agaji. Ya faɗa ya ƙara, in abincin ya zo shi ne na farkon wanke hannu.

Abin ya samo asali ne daga wata damina da ruwa ya kwana ya wuni yana zuba, itace ya jiƙe, kasuwa ba ta ci ba, na kira waya aka ce mini Inna gari ta jiƙa ta sha saboda ashanar gidan duk ta yi sanyi. Tsakanina da ita sai na sauya mota a Birnin Kebbi, ba abin da zan iya yi mata daga inda nake. Tun daga ranar na ɗauki shirin ko-ta-kwana tamkar farilla. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gero na zuba shi a jarkoki na toshe, wake na gauraya da toka da barkono saboda ƙwari, ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga daddawa da gishiri, ga gawayi a buhu an ɗora kan dutse don kada ƙasa ta taɓa shi. Ashana kuwa cikin kwalba mai murfi nake sa ta.

Inna takan zauna bakin gado tana kallona ina jerawa.

"Malama," haka take ce mini in za ta tsokane ni, "yaƙi za a yi ba mu jiya ba?"

Na san kayan nan zurarewa suke yi. Wannan ta aiko a sammata gishiri, waccan jikanta ya zo ɗaukar wuta ya tafi da kwalin ashana. Da farko nakan yi faɗa, daga baya na gane ɓata bakina nake yi, sai na riƙa ƙaro kason unguwa a cikin sayayyar. Abu ɗaya ne ban taɓa zaton zai bi wannan hanya ba, shi ne maganinta.

Inna tana da hawan jini. Ta taɓa faɗuwa a tsakar gida, bakinta ya ɗan karkace, Allah ya sa abin ya tsaya nan. Likita ya ce mana ba ɓoye-ɓoye, in ta riƙa tsallake magani faɗuwa ta biyu ba lallai ta tashi ba. Wannan magana ita ke hana ni sakewa. Saboda haka kafin ruwa ya sauka nakan sayo wanda zai kai ta har kaka, na zuba a tsohon gwangwanin madara na rufe, na ajiye a kan kwallayenta inda hannun yara ba ya kaiwa.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, na je duba ta. Na same ta ta ɗaure goshi da ɗankwali, idanu jajur, ta miƙe za ta kawo mini ruwa sai da ta dafa bango. Na sauko da gwangwanin na girgiza. Abin da ya kamata a ce ya kai rabi, ƙasansa kawai nake ji yana ƙara. Na tambaye ta, ta yi kunnen uwar shegu, ta shiga tambayata lafiyar yarana. Matar ƙanena ce ta ja ni madafa ta faɗa mini ƙasa-ƙasa cewa Goggo ake ba.

Goggo wata tsohuwar Bafulatana ce daga rugar da ke wajen Maruda. Tun ina ƙarama ita ke kawo mana nono, ta sauke ƙwaryarta a ɗakin Inna su yi ta hira har nonon sauran masu jira ya yi tsami. Yanzu wuyanta ba ya ɗaukar ƙwarya, amma duk ranar kasuwa sai ta sa an ɗauko ta a babur ta wuni gidanmu. Wai wata rana ta yi kukan ciwon kai da jiri, Inna ta ce ai irin nata ne, ta ba ta ƙwaya ɗaya. Goggo ta ji sauƙi. Daga nan Inna ta riƙa ƙulle mata na mako a leda kamar yadda ake ƙulle wa baƙo goro. Da ta ga gwangwani na yin ƙasa, sai ta koma sa wuƙa tana raba kowace ƙwaya biyu, rabi nata, rabi na Goggo.

Zuciya ta ɗebe ni. Na koma ɗakin na yi maganar da ban saba yi wa Inna ba. Na ce magani ba goro ba ne. Na ce rabin ƙwaya ba zai tsare ta ba, ba zai tsare Goggo ba, mutum biyu za ta kashe da alherinta. Na ce Goggo tana da 'ya'ya, suna da shanu, su sayar da maraƙi ɗaya mana. Har gobe ina ganin duk abin da na faɗa gaskiya ne.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "To, ni ji."

Na ɗauke gwangwanin na damƙa wa matar ƙanena, na ce kullum da safe ta ba ta ɗaya, ta tsaya har ta haɗiye. Na koma Kalgo ina ganin na toshe ƙofar. Ba a yi nisa ba matar ƙanen nawa ta kira ni ta faɗa mini abin da ake ciki. Inna na karɓa, ta kai baki, ta kora da ruwa, amma wajen shara an tsinci ƙwayoyin naɗe a bakin zanenta. Tara wa Goggo su take yi har ranar kasuwa. Da can rabi take sha, yanzu ko rabin babu. Ranar tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba tun faɗuwarta.

Na ɗauki uzuri a makaranta na daidaici ranar kasuwa, niyyata in yi wa Goggo magana da kaina. Ina tsakar gida babur ya sauke ta. Ta rame, tana jan ƙafa ɗaya. Tun daga zaure ta ɗaga murya ta kira Inna da sunanta na yanka, gatsau, ba sakayawa. Sai da na waiga don na ga wa ake nufi. Na daɗe ban ji sunan nan a bakin kowa ba. Inna ta amsa daga ɗaki da wata murya sakakkiya wadda ba ta amfani da ita da mu, ta ce, "Ke dai ba ki mutu ba?" Goggo ta ce tana jira Inna ta riga ta. Suka yi ta dariya.

Na gaishe da Goggo, na fasa yi mata maganar da na shiryo. Da ta zagaya yin alwala, Inna ta dube ni.

"Ke kina tara kayanki don tsoro ya rage miki, ban hana ki ba. Garin ga duka Inna nike, har liman Inna shika ce min. Waɗanda sunka san ni ina budurwa duk sun tahi, ita ɗai tar rage. In tat tahi, wa ka kirana da sunana?"

Ban janye maganata ba. Abin da na yi shi ne na sa ƙanena ya nemo mota, na kwashe su su biyu zuwa asibiti, suna ta mita wai na hana su hira. Aka auna Goggo, jininta ya fi na Inna hawa nesa ba kusa ba, aka rubuta mata nata daban. Na nemi babban ɗanta a kasuwar shanu na yi masa bayani, ya ce ai ba su san abin ya kai haka ba, ya yi alkawari. Ban dogara da alkawarin ba. Na samo gwangwani na biyu, na cika shi da maganin Goggo, na ɗaura masa jan zare don kada su rikita. Inna ta koma shan nata cikakke ba tare da an tsaya a kanta ba, jirin ya tafi.

Haka muka yi damina biyu. Goggo ta rasu bayan an gama girbi, a rugarsu, da hantsi, bayan ta sha furarta. Kwananta ne ya ƙare. Inna ta je gaisuwa, ta dawo, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Abin da na fi jin tsoro shi ne ta yi watsi da magani, amma ba ta yi ba, kullum da safe tana sha.

Bana da hadari ya fara haɗuwa na zauna kusa da ita ina faɗa mata abin da zan sayo, gero, wake, gawayi. Ranar kasuwa ce, ta sa an shimfiɗa mata tabarma inda take hangen zaure. Da na zo kan magani sai ta ɗaga mini hannu, idonta na kan ƙofa.

"Na mutum guda za ki sawo, Malama," ta ce. "Ba wanda zan ba."