Akwatin Baba Makulli

Shekara goma sha ɗaya Baba Makulli ya yi yana riƙe da ɗakin ajiya na makarantar sakandare, kuma duk cikin kayan da ke hannunsa babu abin da yake ji da shi kamar farin akwatin magunguna. Makarantar ba ta da nas, ba ta da mai duba 'yan wasa, sai dai akwatin nan. Kullum da safe sai ya goge shi da hannun riga ya mayar saman kabad. In masu duba makarantu sun zo, ya buɗe musu su ga bandeji a naɗe, filasta cikin takardarta, man zafi ko murfinsa ba a taɓa ba. Su yaba masa, shi kuma ya yi kwana uku yana taku kamar shi ne shugaban makaranta.

'Yan wasa kuwa bokiti ne rabonsu. Ka gurɗe a ƙwallo, bokiti. Ka fasa goshi, bokiti. Ya kwara maka ruwa ya ce, “Tashi ka taka, mu a zamaninmu da karaya muke buga wasa.” Malamin wasanni ya roƙe shi har ya gaji.

“Baba, ko filasta ɗaya.”

“In na ba ka, gobe a zo a ga giɓi a akwati, kai za a tambaya?”

Ranar gasar tsere, autarsa, wadda ba a taɓa wuce ta a mita ɗari ba, ta yi tuntuɓe dab da layi. Gwiwa ta dare, jini har cikin safa. Ranar aka san Baba Makulli ya iya gudu. Ya dawo rungume da akwati, hankali a tashe.

Ya ɓare filasta ya manna, ta faɗo. Ya ɓare wata, ita ma ta faɗo. Ya matsa man zafi da hannu biyu, ashe ya bushe kamar alli. Ya ja bandeji, ya tsinke masa a hannu. Ɗalibai sun zagaye su, kowa da tsohon tabonsa. Kunya ta rufe shi, ga tausayin 'yarsa.

Autar ta cije leɓe, ta leƙa cikin akwatin, sannan ta dube shi.

“Baba, bar shi haka. Je ka kawo bokitin.”